Laujen Baba Haripada

Kafin a kaɗa ƙararrawa, Baba Haripada, mai kula da ɗakin gwajin kimiyya, ya riga ya buɗe ɗakin, ya kori kwaɗin da suka kwana a ciki, ya wanke kwalabe. Shekara talatin da ɗaya yana haka a sakandaren ƙauyenmu, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye makullai.

A aji tara ake raba yara: kimiyya, kasuwanci ko adabi. Namu ajin kimiyyar kullum a bakin rufewa yake. Wata shekara aka aiko cewa in mai duba makarantu bai ga ɗalibai goma sha biyar da idonsa ba, sashen ya tafi ke nan. Makarantar kimiyya ta gaba kuwa awa uku ce a kwalekwale, babu yaron da zai iya jelar nan kullum.

Mutumin bai tashi zuwa ba sai tsakiyar girbin shinkafa, ruwan ambaliya na gangarowa daga duwatsu. Ni ne malamin ajin. Na ƙirga, sha huɗu. Na sake ƙirgawa, sai ka ce ƙirga tana haihuwa. Wata ɗaliba, Mousumi, ce babu.

"Malam, sha biyu jirgina zai tashi," in ji jami'in, yana kallon agogo.

Na waiga, Baba Haripada ba ya nan. Ashe gonar su Mousumi ya ruga, inda take girbi. Sobhan, uban yarinyar, har gobe yana ba da labarin a teburin mai shayi.

"Kimiyyar taku ake ci?" Sobhan ya daka masa tsawa. "In shinkafar nan ta nutse, kai za ka ciyar da mu?"

"Ba ni laujenta."

"Kai? Da wannan ruɓaɓɓen bayan naka?"

"Ai nawa ne. Ke, ruga!"

Saura minti goma ta faɗo aji, taɓo har gwiwa. Jami'in ya ƙirga, ya sa hannu.

Baba, kai ne ka yi kwana uku a sunkuye cikin gonar wani, kana da shekara hamsin da takwas, har aka kwashe shinkafar tas. Tun daga nan bayanka bai ƙara miƙewa ba, duk ranar da na ga tafiyarka sai zuciyata ta karye. Na gaishe ka, namijin duniya. Mun gode, Allah ya saka.

Mu da muka iya dogon turanci a taron malamai, ranar da aka rasa mutum ɗaya, wa zai karɓi lauje a cikinmu?