Ranar da Yaya Ya Buga Tashin Haya

Gwiwa ake ce masa, saboda gwiwoyinsa. Mai shimfiɗa tayil ne, kuma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rarrafe a kan siminti ba ya tashi da gwiwa irin ta mutane. Nasa sun yi baƙi, sun yi kanta kamar tafin ƙafa. Gajere ne, ba shi da yawan magana, ba shi da kyau ko a lokacin samartaka. Aikinsa dai ba a taɓa kushe shi ba. In ya shiga ɗaki, sai ya tsaya ya dubi ƙofa, ya wuce can kusurwar da ta fi nisa da ita, ya ja igiya, ya kwaɓa siminti, ya fara daga nan yana ja da baya. Wanda ya fara daga tsakiya, in ji shi, ƙarshenta zai taka aikinsa kafin ya bushe.

Wasan ces kuwa, wato darar Turawa, wansa ne ya koya masa. Mahaifinsu yana shara a wani otal, wata rana ya dawo da allon da wani baƙo ya manta, doki ɗaya babu, suka sa murfin kwalba a madadinsa. Babban yaron, wanda har yau kowa ke kira Yaya, shi ya fara gane kan wasan, ya koyar da ƙanin da ranƙwashi: kama tsakiyar allo, fito da dawakai, ɓoye sarki. Yaya ya girma ya zama direban babbar mota, kuma yadda yake tuƙi haka yake wasa, a kan layinsa, ba ya leƙa gefen titi.

Gwiwa ya bi wannan koyarwa har ya iya sana'arsa. Wata rana suna zaune, maimakon sojan tsakiya, sai ya tura wanda ke can bakin allo. Yaya ya tambaye shi ko hannunsa ne ya zame. Ya ce a'a, shi dai ya gaji da fara ɗaki daga inda bai kamata ba. An cinye shi a ranar kafin shayi ya huce. Bai koma tsakiya ba kuma tun daga nan.

Inda suke wasa wani ɗaki ne a bayan shagon Mai Aski. Tebur biyu, benci, fanka mai ƙara, da tsohon madubi da ya tsage an jingina shi da bango. Ko'ina warin man gashi. Ranar hutu da yamma maza ke cika shi, kuma Mai Aski shi ne alƙali, don ɗakinsa ne. Suna da wata doka a wurin game da buɗi, wato yadda mutum ke jera matakansa na farko a wasa. Duk wanda ya zo da sabon buɗi, ba shi zai raɗa masa suna ba, 'yan kallo ne. Sunan kuma na tsiya ne, haka zai zauna har ranar da wani, ba mai shi ba, ya ɗauki buɗin ya buga shi a wasan gasa, ya yi nasara da shi. A ranar ne ake cire sunan tsiya a kira shi da sunan wanda ya ƙirƙira.

Ba wanda ya sha sunayen tsiya kamar Gwiwa, kuma yawancinsu daga bakin Yaya suka fito. Akwai wanda doki ke fita ya dawo gidansa ba tare da ya yi komai ba, aka sa masa An Manta Makulli. Akwai wanda sarki ke gudu kusurwa tun ba a taɓa shi ba, Yaya ya ce wannan Suruka Ta Iso. Akwai Kaguwa, akwai Baƙo Ta Taga. A faɗi gaskiya, galibinsu shirme ne. An ci Gwiwa da su har 'yan kallo suka daina kallo. Yakan koma gida ya shimfiɗa allo a kan tebur ɗin cin abinci, matarsa ta tura kwanoni gefe tana cewa ita ba ta ga amfanin wasan da mutum zai je a zage shi ya dawo yana neman ƙari ba. Shi ba cin wasa ne ya dame shi ba. Abin da yake so ɗaya ne: ya ga hannun wani a kan abin da ya ƙirƙira, a kira shi da sunansa a ɗakin nan kafin idonsa ya daina rarrabe soja da hasumiya a kan allo.

A cikin tarkacen nan ne aka samu guda ɗaya mai rai. Gwiwa yakan tura sojan gefe, ya bi shi da na kusa da shi, ya kai doki bakin allo, sannan a hankali ya kwashe kayansa duka zuwa wannan ɓangare, ya bar tsakiya fayau. Ranar farko Yaya ya leƙa ya ce ƙaninsa ya kasa biyan mai gida, ga shi yana tattara komatsai. Aka sa wa buɗin Tashin Haya, aka yi dariya. Amma abokin wasa in ya ga an bar masa tsakiya, sai ya baje a ciki, ya kai sarkinsa ya ɓoye a inda aka saba ɓoyewa, wato daidai gefen da Gwiwa ya tara kaya. Daga nan sai rufi ya faɗo masa.

Shekaru Gwiwa yana gyara wannan buɗi, yana cike ramukansa kamar yadda yake cike tsakanin tayil. Ya ci Mai Aski da shi. Ya ci kusan kowa. Har Yaya ya sha kashi ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin sai ya ce barci ne bai ishe shi ba, ya kwana a hanya. Dariya ta ragu, amma suna bai canza ba, domin ba wanda ya yarda ya buga shi. Kowa na tsoron a ce ya koma almajirin mai rarrafe, a gaban Yaya kuma.

Gasar shekara ba ta da wani kofi. Wanda ya ci, shi ke zama a kan kujera ɗaya tilo mai jingina har shekara ta zagayo, kuma askinsa kyauta ne. Yaya ya daɗe a kan kujerar nan, ga shi kansa ba gashi ko ɗaya, abin da Mai Aski ke cewa shi ya sa bai taɓa yi masa baƙin ciki ba. A shekarar da ake magana, Gwiwa ya tsallake kowa ya kai wasan ƙarshe, karo na farko a rayuwarsa. Ya zo daga wurin aiki, farar ƙurar yankan tayil a girarsa. Aka jefa ƙuri'a, fararen 'ya'yan wasa suka faɗa wa Yaya, shi zai fara.

Yaya ya gyara zama, ya miƙa hannu, ya wuce sojan tsakiya, ya tura na gefe.

Wani ya yi dariya. Gwiwa ya ɗauka tsokana ce, irin ta wa da ƙani, ya amsa da nasa sojan gefen yadda ya saba. Yaya ya tura na biyu. Ya kai doki bakin allo. Fuskarsa ba alamar wasa.

"Yaya, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Shekara nawa ina zaune a gabansa? Buga, kana ɓata mini lokaci."

A nan Gwiwa ya gane halin da yake ciki. In ya ci, kujera tasa ce, buɗinsa kuma ya ci gaba da zama Tashin Haya, har ma a ce ga shi an gwada ya faɗi. In aka ci shi, ya samu abin da ya daɗe yana jira. Mai Aski ma ya hango haka. Ya matso da almakashi a hannu, ya ce kowa ya ji: in ya ga alamar an saki wasa da gangan, ba suna, ba kujera, kuma mai sakin kada ya ƙara taka ɗakin. Gwiwa bai ɗago kai ba. Ba ya buƙatar gargaɗin. Sunan da aka samu da sakin wasa, a wurinsa, daidai yake da tayil ɗin da aka manna ba siminti a ƙasa.

Sai ya sa ƙarfinsa duka. Matsalar ita ce, a duk shekarun nan bai taɓa zama a wannan ɓangare na allon ana buga masa buɗinsa ba. Ko a gida, a bayan farare yake zama, ya miƙa hannu ya motsa baƙaƙe yadda yake so su yi. Ya san maganin buɗin a baki: a fasa tsakiya da wuri, kafin kaya su gama taruwa. Amma hannunsa ya manta hanyar tsakiya tun yana saurayi. Yaya ya san da haka. Ba tausayi ne ya sa ya zaɓi buɗin ba. Ya duba ɗakin nan kaf, ya ga mutum ɗaya ne ba zai iya kare kansa daga Tashin Haya ba, shi ne wanda ya gina shi.

Gwiwa ya tura sojan tsakiya a makare, 'yan kallo suka yi ƙus-ƙus don ba su taɓa gani ba. Ya kama doki ɗaya na Yaya. Ya kai sarauniyarsa har ƙofar sarkin fari, ya sa Yaya ya share gumin sanƙonsa da hula. Amma kayan sun riga sun taru. Hasumiya ta sauko ta layin gefe, ɗayar ta bi bayanta, daidai yadda ya tsara su a kan tebur ɗin matarsa, ba mataki ɗaya da ya kauce. Yana kallon abin yana zuwa, yana neman rami, ya tarar duk ramukan shi ya toshe su da hannunsa. Da bai ga sauran gidan da sarkinsa zai shiga ba, ya kwantar da shi, alamar ya yarda an ci shi.

Mai Aski ya duba allon, ya ce shi bai ga saki ba, ko akwai wanda ya gani. Kowa ya girgiza kai. Ya juya wurin Yaya, ya ce doka ta ce wanda ya ci shi zai faɗa, da wane buɗi ya ci.

Yaya ya yi ta jera 'ya'yan wasa a akwati kamar bai ji ba. Sai da aka maimaita masa.

"Buɗin Gwiwa," in ji shi.

"Tsofaffin baya ba su ji ba," in ji Mai Aski.

"Na ce Buɗin Gwiwa. Kuma har yanzu mummuna ne, kamar mai shi."

Aka tafa, aka bubbuga benci. Wani ya ce a nuna masa matakan tun daga farko, wani ya ja ɗaya teburin ya fara jera sojoji. Yaya ya koma kan kujerarsa mai jingina yana gunaguni cewa dokin nan na bakin allo bai ga dalilin fitarsa da wuri haka ba, shi dai ya bi ne kawai.

Gwiwa ya dafa tebur ya miƙe, gwiwoyin suka yi ƙara. Wanda aka ci ne, amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya zagaya ya tsaya a kan wansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Akwai dalili, Yaya," ya ce. "Fito da allon. Zauna sosai in koya maka."