Fayil ɗin da ya ƙi shiga

Mahaifina ba ya yarda a katse shi idan ya fara magana. Malamin zaure ne a Birnin Kebbi, kuma ko tari ɗalibi ya yi a tsakiyar karatu sai ya sha harara. Ranar da ɗan baffana, mai ɗaukar bidiyon biki a Argungu, ya zo da kyamara don ya naɗi tarihin gidanmu daga bakinsa, sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa.

"In kun kunna, kar ku kashe sai na ce na ƙare. Ba a yanka zance awa nama."

Ya yi kusan awa uku. Malamansa da malaman malamansa, yadda kakanmu ya sami gonar shinkafa a fadamar Zauro, wa ya haifi wa. Ɗan baffana ya haɗa shi fayil ɗaya a kwamfutarsa, yadda tsohon ya so.

Ni kuwa a lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Gesse, kai ya kumbura, ina jin ba wanda ya kai ni sani. Na sayi babban hadis na waje, wato ma'ajiyar fayiloli da ake jonawa a kwamfuta, na hau mota zuwa Argungu don in kwaso aikin.

Matsalar ita ce kwamfutarsa Mak ce, tawa Windos. Kafin a zuba komai a hadis sai an zaɓa masa tsari. Akwai NTFS, amma tasa karantawa kawai take yi, ba ta rubutu a kai. Akwai FAT32, wanda duka biyun suka sani, sai dai ba ya karɓar fayil da ya wuce giga huɗu. Ɗan baffana ya ce ya ji labarin wani sabo, exFAT, mai ɗaukar manyan fayiloli, mu bincika tukuna. Na yi masa dariya. Na ce ya tsaya kan ɗaukar amare, ya bar wa masu abu abinsu. Na zaɓi FAT32.

Ya fita sallar azahar, ni na ce zan biyo shi. Ana cikin kwafa sai saƙo ya fito cewa fayil ɗaya, na zancen tsohon, ya yi girma, ba zai shiga ba. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Na rufe saƙon, na kwashe ƙananan, na ce zan san dabara daga baya. Gaskiyar ita ce kunya nake ji ya dawo ya tarar maganarsa ce ta tabbata.

Da ya shigo da kwanon soyayyen kifi ya tambaye ni, "Ka kwashe duka? Ina da biki jibi, wuri nika nema."

Na ce, "Duka."

Na yi niyyar komawa a makon, wallahi na yi. Mako ya zama wata. Shi kuma ya goge nasa, kyamara da kwamfuta, tunda babban masani ya ce duka. Bayan an yanke shinkafa mahaifina ya kwanta, bai tashi ba.

Da Inna ta fita takaba ta sa aka kira ni. Ta shimfiɗa tabarma, ta tara ƙannena mata, ta ce in kunna musu Malam. Na buɗe hadis ɗin. Ga hoton zaure, ga allunan da ke jingine, ga akuyar maƙwabta da ta leƙo. Sai ɗan guntun gwajin da aka yi kafin a fara. Ga Malam zaune kan buzunsa, yana gyara rawani.

"An kunna?" ya ce. Ya yi gyaran murya. "To, bisimilla."

Nan bidiyon ya tsaya.

Inna ta jira. "Shi ci gaba mana."

Na ce na'urar ce ta lalace. Ɗan baffana yana bakin ƙofa, ya dube ni, kuma har yau bai tona ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Inna ta daɗe tana kallon fuskar da ta daskare a gilashin. Sannan ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Duk rayuwatai ba wanda yat taɓa katse shi."