Ɗan Gongola a Tekun Zanzibar

Asabar

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka kulle flat ɗinmu na Lewisham, ni da maigidana Baban Amira. Kafin mu kai Heathrow ya gama ba direban tasi labarin da na shekara ashirin da biyu ina ji: yadda yana saurayi ya ƙetare kogin Gongola da iyo, takalmansa a ka. Ni kuwa da nake zuwa ajin iyo na mata a wurin iyo na ƙaramar hukumarmu duk Talata, cewa yake wasan agwagwa nake yi.

Lahadi

Mun canza jirgi a Doha, muka sauka Zanzibar da hantsi. Awa ɗaya da rabi a mota zuwa masauki. Shinkafar kwakwa da kifi muka ci, mai masaukin ma ya sha labarin Gongola.

Litinin

Ƙarfe tara muka shiga kwalekwale, minti arba'in zuwa wani ɗan tsibiri. Dattijon da ke tuƙi ya raba mana tabarau da bututun numfashi, ya ce kada kowa ya buɗe baki a ruwa. Ya miƙo rigar hana nutsewa.

"Ba wa Hajiya," in ji maigida. "Ni ɗan Gongola ne."

Muka faɗa ruwa. Abin da ke ƙasa ya fi ƙarfin bakina: murjani tuli-tuli, kifaye kamar atamfar Sallah. Sai ga ƙaton kunkurun ruwa. Baban Amira, wanda ko tantabara ta burge shi sai ya yi tasbihi, ya buɗe baki ya ce Subhanallah. Bututu ya fita, teku ta shiga. Na ga kansa yana nutsewa, na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na kamo haɓarsa yadda ake koya mana ran Talata, na ja shi har kwalekwale.

Da ya gama amayar da ruwan gishiri ya ce, "Wannan ruwan ba irin namu ba ne."

Juma'a

Ƙarfe shida na yamma muka shigo gida. Na kira yayarsa a Gombe.

"Gongola?" in ji Yaya Asabe. "Da rani ne fa, ruwan iya idon sawu. Ni na riƙe masa hannu."

Ran Talata na tarar da shi a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa.

"Maman Amira, wurin nan naku, akwai ranar maza?"

"Akwai. Na yi maka booking a ajin agwagi."

Na gode wa Allah da ya dawo min da mijina da rai. Yaya Asabe kuma turarenta na hanya.