Tafiyarmu Kalgo Neman Ƙuruciyar Malam Bube

Mun bar Gwandu bayan sallar asuba, ni da ƙanena Malam Bube, wanda ya tsufa yana koyar da lissafi a sakandare. Laifina ne. Ni na ba shi labarin wata babbar lambar yabo ta duniya, ta zinariya, da ake ba gwanayen lissafi duk bayan shekara huɗu, amma sai wanda bai kai arba'in ba. Bube ya haura sittin. Ya ce wannan ƙaramar matsala ce, takardar rantsuwar shekaru kawai za a yi. A Gwandu kowa ya san shekarunsa, Birnin Kebbi kuma surukansa sun cika ta, shi ya sa ya zaɓi Kalgo.

Kambaza

Motar haya ta tsaya ɗaukar buhunan gero, muka sha fura. Na sake gaya masa cewa na zauna a Khartum da Yamai, na karanta batun nan da Larabci da Faransanci: ba a neman wannan lamba, masana ne ke zaɓen wanda ya gano sabon abu.

Ya ce, "Yaya, duk wanda ya ce maka ba a nema, yana da ɗan takara nai."

Direba ya goyi bayansa. Ya tambaya ko an taɓa ba ɗan Kebbi. Da na ce a'a, sai ya buga sitiyari ya ce ai kuwa lokacinmu ne.

Birnin Kebbi

A shingen shiga gari ɗan sanda ya leƙo, ya ga furfurar Bube, ya ce, "Baba, a sauka lafiya." Ran Bube ya ɓaci. Kafin mu hau motar Kalgo sai da muka nemi wanzami ya kwashe gemun, ya bar shi kamar sabon ango.

Kalgo

Da hantsi muka shiga ofishin rantsuwa. Magatakardan, mai sanƙo da tabarau, yana ganinmu ya miƙe ya durƙusa.

"Malam! Ba ka gane ni ba? Sahabi ne, na aji ɗaya, wanda ka sha yi wa bulala a kan lissafin rabawa."

Bube ya yi gyaran murya, ya ce a rubuta masa talatin da tara.

"Allah shi gafarta Malam, ni da ka koyar, arba'in da biyar gare ni."

"To kai ma sai ka rage."

"Sau biyu na rage, Malam. Wagga ita ce ragaggiyar."

Bube ya karɓi biro ya zauna. Ya tara, ya ɗebe, ya raba. Na ga ƙasashe da dama, ban taɓa ganin mutum ya yi wa lissafi gumi haka ba. Duk ta inda ya bi, sai ya tarar ya fara koyarwa kafin a haife shi. Daga baya ya ajiye biron ya ce wannan ƙa'ida ta arba'in don a hana shi aka ƙirƙiro ta.

Sahabi ya saya mana shinkafa da soyayyen kifi, ya raka mu tasha.

Gida

Mun iso Gwandu ana kiran la'asar. Matar Bube ta leƙo ta ga baƙon mutum ba gemu, ta ce mai gidan ba ya nan, ya tafi karɓo zinariya. Muna gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, kowa da shekarunsa.