Ruwan Wankin Kwanso

Tun ranar da maigidana ya fara tara kwanson harsashi a gareji, abu biyu ne suka hana ni sakat: wuta da bindiga. Kullum ina rayawa a raina wata rana gidan zai kama, ko yarinyata ta tasa ta kai hannu inda bai kamata ba. Na yi ta mita har ya sayo akwatin ƙarfe mai makulli ya kulle bindigar, ya kuma rataye abin kashe gobara a bakin ƙofa. Da ya yi waɗannan biyun sai na ɗauka na gama tsare 'yata.

Muna haya ne a McLeansville, kusa da birnin Greensboro a Amurka, ƙaramin gidan katako, gona a bayanmu. Maigidan yana aikin lodi a wani sito da ke wajen Wendover. A can ya saba da wani dattijon Bature mazaunin Pleasant Garden, shi ya koya masa farautar barewa. Na ji daɗin abin da farko, don nama ne da ya yanka da hannunsa, firiza ta cika. Daga baya dattijon ya nuna masa ba a yar da kwanso bayan an harba. Ana tsince shi, a wanke, a gyara, a sake ɗura masa albarushi.

Ranar Asabar bayan azahar yake aikin. Da farko ya juye kwansunan cikin babbar roba da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ya yi ta cuɗa su suna ƙara kamar tsakuwa a kwano. Ya shanya su a tsohon tawul. In sun bushe sai ya zauna a kujera 'yar tsugunno, ya kunna ƙaramar tukunyar gas mai siririn harshen wuta, ya riƙa ɗaukar su ɗai-ɗai yana juya wuyan kowanne a cikin wutar. Ya ce tagulla ce, in an yi ta harba ta bakinta yana ƙandarewa har ya tsage, sai an ɗan gasa shi yake laushi. Ni abin da nake gani, wuyan yana rikiɗa ya yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara, sai ya sake shi cikin bahon ruwan sanyi, ka ji cus.

Nakan tsaya a ƙofar kicin da yarinyar a goye.

"Abban Baby, wutar nan fa, ba ta yi kusa da kwalin can ba?"

"Ke dai kin cika tsoro. Fanko ne, babu albarushi ko ƙwaya ɗaya a ciki."

"To Allah ya tsare. Mun zo Amurka ka koma maƙeri."

"Sarkin maƙeran Greensboro za ki ce. Ki durƙusa ki gaishe ni."

Sai mu yi dariya. Wallahi ina son ganin sa a haka, don duk mako a gajiye yake dawowa, ba ya iya ko hira. A nan ne kaɗai fuskarsa take sakewa.

Ni a Gusau na tashi, a unguwar da famfo yake zuwa ranar da ya ga dama. Innarmu ba ta zubar da ruwa sai ya yi aiki biyu ko uku. Ruwan wankin shinkafa na awaki ne. Ruwan ɗaurayar kaya na goge ɗaki ne. Wanda ya yi baƙi ƙirin ma sai an yayyafa shi a tsakar gida kafin shara. In ta ga ka sheƙar da ruwa mai kumfa, ranar ka shiga uku. Na zo ƙasar da ruwa ba ya yankewa, amma hannuna bai manta ba.

In maigidan ya gama, yakan tura robar da bahon bakin gareji ya ce zai zubar anjima, sai ya shiga wanka. Ni kuma in duba, ruwa ne mai yawa, ga kumfa, ga ƙanshin lemun tsami na sabulun. Ya ɗan yi toka-toka, kamar ruwan wankin tukunya, ba wani datti da zai ba ka ƙyama ba. Sai in juye a bokitina in goge ledar kicin da lungun da ke zuwa ɗakin kwana. Ƙasa ta yi fes. In ya fito ya ga robar babu komai, ya ce, "Sannu da aiki, kin hutar da ni." Shi a zatonsa a ciyawa na zubar. Ni kuma ban ga abin faɗa ba.

A kan ledar nan yarinyata ta koyi rarrafe. Tun tana wata bakwai har ta cika shekara. Tana tafe tana tsotsar yatsu, in biskit ya faɗi ta ɗauka ta kai baki, ni kuma hankalina kwance, ai na goge wurin.

Da muka je awon shekara ɗaya aka tsire mata yatsa aka ɗibi jini. Bayan 'yan kwanaki suka kira suka ce mu dawo, za a sake ɗiba daga hannu. Turancina bai kai na asibiti ba, don haka na roƙi wata Anti ta raka ni. Nas ce, mutuniyar Jos, a shagon kayan abincin gida muka san juna. Likita ta yi bayani mai tsawo, ina kallon bakinta. Anti ta juyo ta dafa gwiwata.

"Ƙanwata, ki natsu. Sun ce akwai gubar dalma a jininta, ta fi yadda ya kamata."

Na san wannan sunan. Ina yarinya na ji shi a rediyo, lokacin da ake ta maganar yaran ƙauyukan jiharmu da aka niƙa dutsen zinariya a gidajensu. Na ce, "Anti, mu da ba ma haƙar komai?"

Aka turo wata ma'aikaciyar lafiya gidan, Anti tana fassara. Ta tambayi fentin bango. Ta tambaya ko ina sa wa yarinyar kwalli, na ce tun suna ban ƙara ba. Ta ɗibi yajin da aka aiko mini daga gida, ta duba tukwanena. Da ta leƙa gareji ta ga kwansuna jere a faranti, ta daɗe a tsaye. Ta ce abin da ke tayar da harsashi yana barin ƙurar dalma a cikin kwanson. Maigidan ya rantse yarinyar ba ta taɓa taka garejin ba, kuma gaskiya ya faɗa. Matar ta shafa wani ɗan ƙyalle a ƙasan kowane ɗaki, ta sa a leda ta tafi.

Da ta dawo da sakamako, ƙasan kicin ne ya fi ko'ina dalma a cikin gidan. Ta ce da me nake goge shi? Na shiga na ɗauko bokitin da mofar goge ƙasa, na faɗi inda nake samun ruwan. Anti ba ta fassara nan take ba. Ta dube ni, ta dubi bokitin, ta ce, "Wayyo, ƙanwata."

Maigidan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a matakalar baya ya haɗa kai da gwiwa.

"Ni na kawo abin nan gida," in ji shi.

"Ni na shafa shi a ƙasa da hannuna."

Washegari ya kwashe gas ɗin da kwansunan da robar ya kai wa dattijon. Dattijon ya zo har ƙofarmu, hularsa a hannu. Ya ce bai taɓa tunanin gaya wa kowa kada a yi amfani da ruwan ba, don bai taɓa ganin wanda zai yi ba.

An ɓamɓare ledar an sa sabuwa. Yarinyar tana shan maganin ƙarin jini, kuma lokaci-lokaci muna komawa a ɗibi jininta. Yanzu ta gane hanyar, tun daga wurin ajiye mota take fara kuka. Sun ce abin yana sauka, amma a hankali. Ta wuce shekara biyu, kalmominta ba su fi uku ba: Abba, Mama, da "no". Na tambayi likita ko dalmar ce. Ta ce yana yiwuwa, yana kuma yiwuwa don harshe biyu take ji a gida ne, ba za a tabbatar ba sai ta shiga makaranta. Kullum ina kiran sunanta daga bayanta in ga ko za ta juyo da sauri. Ina nuna mata cokali in ce "cokali", ta kalle ni ta yi murmushi.

Har yau in na wanke shinkafa sai na tsaya da kwanon a hannu kafin in iya tuttular da ruwan.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. In akwai mai wannan aikin a gidanku, kada ruwansa ko tsummansa ko tufafin da ya yi aikin da su su shigo inda yaro yake. Kuma ku kai yaron a gwada jininsa, ko da kuna ganin lafiyarsa ƙalau. Tawa ma ƙalau nake ganin ta. In kun idar da salla, ku sa ta a addu'a.