Anti Rekiya Mai Ƙirga Masu Dawowa

Kullum ƙarfe shida da rabi na safe Anti Rekiya na bakin titin Tungan Maje, jaka a hammata, tana jiran motar Kwali. Shekara talatin da biyar tana riƙe da rajistar rigakafi a wani ƙaramin asibiti a can: wace uwa ta kawo yaro allurar farko, wace ta dawo, wace ta ɓace. Watan jiya ta yi ritaya. Aka ba ta agogon bango, aka sha lemo, aka watse. Ba wanda ya ambaci ɗaya aikin nata.

A mota Anti ba ta gyangyaɗi. Waya take buɗewa, ta shiga shafin da masoya fina-finai ke aron jaruman fim su ƙirƙira musu sabon labari. Marubutan wurin kuwa, wallahi lambobi sun hana su sakat. A saka babi, bayan minti biyar a leƙa mutum nawa ya buɗe, a dawo ana ƙunƙuni.

Haka Juwairiyya, wata tela a Apo, ta sanar cewa ranar Juma'a za ta goge labarinta na wani direba, babi talatin cif, saura biyar a gama. Anti ta nemo lambarta ta kira.

"Anti, views dubu huɗu fa a babin farko, yanzu ɗari biyu da sha biyu. Kwament kuwa uku. Na gaji."

"'Yata, karanto min adadin waɗanda suka buɗe babi na goma."

"Ɗari biyu da ashirin."

"Na ashirin fa?"

"Ɗari biyu da sha biyar."

"To ina suka gudu? Dubu huɗun nan 'yan leƙe ne, har da wanda yatsarsa ta zame. Mu a asibiti ba ma murna da allurar farko, uwar da ta dawo muke ƙirgawa. Wata takwas mutum ɗari biyu suna dawo miki, kike cewa ba kowa? Haba!"

Ba ta tsaya nan ba. Ranar Alhamis ta jawo Juwairiyya har Kwali, gidan Catherine mai ginin tukwane. Mata tara zaune, hannu duk yumɓu, Catherine na karanta musu babi na talatin da ƙarfi. Da me za su rubuta sharhi? Wata tsohuwa ta ɗago ta ce wa Juwairiyya da irin Hausarta, "Kai ne mai labarin? In ka kashe direban nan, ba ni ba kai."

Anti ta raɗa wa Juwairiyya, "A shafinki, duk waɗannan mutum ɗaya ne." Juwairiyya ta yi dariya har da hawaye.

Anti Rekiya, ke ce kika koya wa yaran nan cewa lamba ba ƙarya take ba, tambayarta ce ba su iya ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ki ci ritayarki lafiya. Ku kuma masu karatu, in kun ga marubuci na neman sarewa, ku yi yadda ta yi, ku kira shi.

Juwairiyya ta kammala labarinta. Babin ƙarshe mutum ɗari biyu da sha biyu ne suka buɗe, direban kuma yana nan da ransa.