Jaridar da Muka Manna da Talge

Shekara da shekaru ina gaya wa 'ya'yana cewa ni tsohon babban edita ne. A wurin cin abinci na faɗa, a mota na faɗa, har a shagon kayan Afirka da ke nan Hyattsville na taɓa faɗa wa wata tsohuwa da ba ta tambaye ni ba, ita daddawa ta zo saye. Nakan ce jaridar makarantarmu ta kwana, can gida, idan ta fito kasuwar garin tashi take yi, kuma shugaban makaranta ba ya iya karya kumallo sai ya ji abin da muka rubuta a kansa. Maman yara takan ce in ji tsoron Allah. Ni kuma in ce ai da ba ta nan aka yi.

Ban taɓa zaton maganar za ta kai gaban alƙali ba, sai da babbar 'yata ta shiga cikin masu rubuta jaridar makarantarsu. Tsohuwar makaranta ce a cikin birnin Washington, tun ƙarni na sha tara aka buɗe ta, matakalarta duk ta lotsa a tsakiya saboda sawun yaran da jikokinsu ma sun daɗe da yin furfura. Wata rana da la'asar na je ɗaukarta a tashar jirgin ƙasa, ta faɗo mota tana murna. Za su yi bugu na musamman a kan tarihin jaridar, malamarsu ta ba ta shafin farko, wanda ba ta taɓa samu ba, kuma labarin da ta zaɓa shi ne na ubanta, babban edita daga Najeriya. Ta riga ta faɗa wa malama, ta faɗa wa ajin kaf.

Na ce madalla. Sai ta ƙara da cewa doka ce a jaridarsu, ba a buga magana sai wani na biyu ya tabbatar da ita, in ba a samu ba labarin ya faɗi, a ba wani shafin. Ta ma san wanda za ta tambaya: Baffanta likita na Annandale, aminina, wanda muka yi aji ɗaya da ɗakin kwana ɗaya.

Lokacin sanyi ne, amma kafin mu isa gida zufar da na yi ta isa a wanke motar.

Domin likita shi ne editan. Jaridar kuwa kwafi ɗaya ce tak: fararen kwalaye huɗu, rubutun hannu da biro ja da shuɗi, a manna a bangon ɗakin cin abinci. Likita ke tattara labarai, wani ɗan ajinmu mai kyan rubutu ya kwafe. Ni muƙamina gwangwanin madara ne. Ba mu da gam, don haka duk Lahadi da la'asar, idan kuku ya ɗora tuwo, sai in lallaɓa kicin in gaishe shi, in tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, in yabi miyar jiya wadda ko kare ya san ba ta cancanci yabo ba, har ya ɗebo mini talge ludayi guda a gwangwanin. In rugo da shi da zafinsa, in shafa a bayan kwalayen da yatsa, mu manna.

Masu bibiyarmu na farko awakin malamai ne. Ƙamshin talgen ke kiransu. Kafin safiyar Litinin sun cinye labarin wasanni, sun taɓa rabin sharhin edita. Akwai wata baƙar akuya ta malamin lissafi, idan ta miƙe a kan ƙafafun baya ta fi wasu 'yan ajinmu tsayi, kuma na rantse ta fi su son karatu. Muka ɗaga jaridar sama, ta kai. Muka ƙara, ta hau bakin taga ta kai. Ƙarshe sai da muka ɗora benci a kan tebur, muka manna ta can ƙarƙashin rufin kwano. Awaki suka haƙura. Amma su ma mutane suka daina gani.

Dole wani ya hau benci lokacin hutun safe ya karanta da ƙarfi. Likita muryarsa ko sauro ya fi ta. Sai aka ce mai talge ya hau.

Har yau idan na rufe ido ina ganin wurin. An buga tsohon wilin motar da ke rataye a jikin ɗarbejiya, yara sun fito a guje, kowa da kofinsa na garin kwaki, fuskoki duk sun ɗago suna kallona. Ban daɗe a kan bencin ba na lura cewa babu mai iya hango abin da ke rubuce sai ni kaɗai. Likita ya rubuta cewa an ci mu ɗaya a wasan ƙwallo. A bakina golanmu ya tare arba'in, ta arba'in da ɗaya ma iska ce ta ci amanarsa. Likita ya rubuta cewa an ga ƙwari a wake. Ni na karanta cewa ƙwarin sun yi yawa har sun naɗa sarki da waziri. Yara su yi ta dariya garin na zubewa, shi kuwa likita yana tsaye a gindin benci yana jan ƙafar wandona, yana cewa a hankali ba haka ya rubuta ba. Wasu daga cikin masu dariyar nan yanzu manya ne, wasu an binne su. Golan ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, kuma har ya rasu mutanen garinsu sun yarda da arba'in ɗin.

To, washegarin ranar da 'yata ta yi mini wannan albishir na kira likita daga wurin aiki. Na roƙe shi don zumunci ya ba ni ko da mataimakin edita ne. Ya ce in kawo yarinyar ranar Asabar.

Muka sha cunkoson hanya muka isa Annandale bayan azahar. Yarinyar ta durƙusa ta gaida Baffanta da Hausa tsaf, har da tambayar gajiya, daga nan Hausar ta ƙare ta koma Turanci. Ta buɗe littafinta, ta tambaye shi muƙamin da na riƙe.

Likita mutum ne da ko yaro ba ya yi wa ƙaryar cewa allura ba zafi. Na ga ya cire tabarau ya goge, ya mai da, ya dubi silin kamar amsar na can. Ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, ai babanta ya riƙe babban matsayi, matsayi na sama ƙwarai. Na dubi 'yata, ta sunkuya tana rubutawa a nutse, har tana ja wa maganar layi. Abin da za ta sa wa sunanta ke nan a shafin farko.

Na ce, “Likita, bari haka, kada ka shaƙe. 'Yata, Baffanki ne edita. Ni mai ɗauko talge ne.”

Likita ya sauke numfashi kamar an zare masa ƙaya. Ya ce, “Alhamdu lillahi. To rubuta, 'yata. Mu fara da akuya.”

'Yata ta tambaya mene ne talge. Matar likita, da ke kicin tana jin komai, ta kira ta ta nuna mata a tukunya, har ta lakata mata a yatsa. Aka yi awa biyu likita yana fasa ƙwai, jan wandon shekaru talatin da suka wuce ya rama a zama ɗaya. A hanyar dawowa 'yata ta kafa wa tagar mota ido. Na yi ta satar kallonta a madubi, ina cewa a raina shi ke nan, na zubar mata da shafi, na zubar da kaina.

Ranar Talata ta ce kada in jira ta a tasha, in zo makarantar. Ta kai ni ɗakin karatu, mai kula da wurin ta fito da wani akwatin kwali, ta buɗe a hankali kamar jariri ne a ciki. Jaridarsu ce ta farko. Kwafi ɗaya, rubutun hannu, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Matar ta ce a wancan zamani ba bugawa ake yi ba, ɗalibi ɗaya ne ke tsayawa gaban saura ya karanta musu. Na sunkuya na duba: ƙorafin sanyin aji, ƙorafin abinci, da wasan da aka ci su. Na tambaya ko suna da awaki. Ta ce ba ta da labari.

'Yata ta ce tun a Annandale wannan akwatin take tunani. Malama ta karɓi sabon labarin, tunda akuyar ta sami shaidu biyu.

Da jaridar ta fito, ga zanen baƙar akuya a shafin farko, ga ni a ƙasa, mai talge kuma mai karantawa. 'Yata ta ce in hau kujera a falo in karanta wa gida yadda nake yi a da. Na hau, gwiwa tana ƙara. Layi uku na yi a kan gaskiya. A na huɗu, inda ta rubuta cewa akuyar kan hau bakin taga, na ji bakina ya ce har tsani take zuwa da shi.

Sai na ji ana jan ƙafar wandona.